Takalman Kawu a Kan Ƙanƙara

Kawuna ne ya fara kawo maganar hawan dutse gidanmu, kuma a ƙarshe shi ne bai hau ba. Ƙanen mahaifiyata ne, direban bas, yana ɗaukar masu umara daga Bi'ir Ali da ke gefen Madina ya kai su Makka ya dawo. A lokacin, farkon shekarun casa'in, ya ɗan ba hamsin baya. Ni kuwa ina aiki a wani shagon magani a unguwar Ƙiblatain, ban yi aure ba, ina jin kaina, kuma ba ni da haƙuri ko kaɗan.

Wanda ya sa masa wannan ƙulafuci wani mutumin arewacin Pakistan ne da ke guga a shagon wanki kusa da gidanmu a Uhudu. Yakan yi watanni a Madina yana goge jallabiyoyi, idan zafi ya shigo sai ya ɗauki dogon hutu ya koma garinsu ya yi sana'arsa ta asali, wato jagorancin masu yawon duwatsu. Yakan ɗauki baƙi kwana da kwanaki a ƙafa, da 'yan dako da tantuna, su bi ta kan ƙanƙarar da tun zamanin kakanninsa ba ta narke ba, su yada zango a bakin tafkuna. Kawu ya kai wanki wata rana, ya ga hoton wani tafki a tsakiyar duwatsu manne a bango, ya tambaya, shi ke nan. Tun daga ranar kayan Kawu suka fara yin datti da wuri.

Sai ka san zafin Madina kafin ka gane abin da ya kama shi. Mutumin da ya tashi yana ganin ana sayen ƙanƙara a naɗe cikin buhu ana gudu da ita gida kafin ta zama ruwa, shi aka ce wa akwai inda ake tafiya a kanta yini guda ba a ga ƙarshenta ba. Da farko ƙaryatawa ya yi. Daga baya ya koma shi ke ba mu labarin kamar a can aka yanke masa cibiya.

Ya yi shekara biyu ko uku yana shiri. Ya je kasuwar gwanjo ya sayo wasu takalma masu nauyi, masu igiya har sama da idon sawu, da safa mai kauri, da wata riga mai auduga a ciki wadda idan ya sa sai ya koma kamar katifa. Bayan sallar asuba yakan tayar da ni mu bi tsaunukan da ke bayan Uhudu, shi a gaba yana haki, ni a baya ina mita. Ya kafa tanti a saman bene yana kwana a ciki wai yana sabawa. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne yadda yakan buɗe firiza ya cusa hannuwansa ciki har su yi ja. Matarsa ta gaji ta ce masa, "Ya shaihi, in sanyi kake so ka shiga gaba ɗaya in rufe, amma ka fito mini da naman tukuna." Bai ko kula ta ba.

Mai gugar ya sa mana lokaci. Mu biyu za mu je, ni da Kawu, mu haɗu da wata ƙungiya a can. Fasfo ya fito, biza ta fito.

A nan dole in faɗi wani abu game da gidanmu. Kakata da kakana a ƙafa suka taso daga ƙasar Kano, suka yi shekaru a hanya, suna noma a wani wuri, suna dako a wani, burinsu su zo garin Manzo su zauna har a binne su a maƙabartar Baƙi'a. Kakana bai iso ba. Zazzaɓi ya kashe shi a wani ƙauye a Sudan inda suka tsaya yin aiki a kan hanya, aka binne shi inda babu wanda ya san shi. Kakata ta yi sauran rayuwarta tana ambaton wannan, ba mutuwarsa ba, wurin da ya mutu. Shi ya sa tsofaffinmu ba sa son yin nisa da Madina. Kawu kansa bai taɓa zuwa ko Riyad ba. Yakan ce hanyar Makka daban ce, in ajali ya same shi a kanta to tsakanin harami biyu yake. Duk mun san wannan, amma ganin yadda ya duƙufa sai muka ɗauka dutse ya rinjayi tsoro.

Ana saura 'yan kwanaki mu tashi, wani abokinsa na ƙuruciya da ya je Masar neman maganin ido ya rasu a can, aka binne shi a can. Muka je gaisuwa. Abin da mutane ke ta maimaitawa a zauren shi ne, "Allah sarki, duk shekarun nan a Madina, ƙasar wani wuri ce ta karɓe shi." Na dubi Kawu, na ga ya zuba wa tabarma ido, kofin shayi ya huce a hannunsa.

Washegari da la'asar ya shigo shagon magani da leda, ya ajiye a kan kanta. Takalman ne a ciki, da safar.

"Ka tafi da su," ya ce. "Naka ba su da ƙarfi."

"Kai fa, ya khali?" na tambaye shi, yadda muke kiran kawu da Larabci.

"Ni sai baɗi."

Raina ya ɓaci. Na juya harshe zuwa Larabci, kamar yadda muke yi mu 'yan baya idan muna son faɗa, na ce masa ajali ba ya tambayar fasfo, mutane nawa ke zuwa suna dawowa lafiya, kuma mai gugar nan kansa ya yi ta hawa yana saukowa bai mutu ba. Ya bar ni na gama, sannan ya amsa da Hausa, a hankali.

"Na sani, wallahi na sani. Amma in na faɗi a can, wa zai kawo ni? Uwata tana Baƙi'a. Ubana ban san inda yake ba. Kalas, shi ke nan, ka je ka gano mini."

Haka na tafi ni kaɗai, da takalman da suka fi ƙafata girma, sai da na haɗa safa biyu. Shi ya kai ni filin jirgi, ya ƙi yarda wani ya kai ni.

Mai gugar da na sani da sunkuyar da kai a kan teburin guga, a can sai na tarar ya zama wani mutum daban. Shi ke faɗin lokacin tashi da inda za a taka, kuma ba a yi masa musu. Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, daga nan sai ƙafa. 'Yan dako suna gaba da tantuna da garin alkama da murhun kananzir, mu baƙi muna baya muna jan jiki. Kwanakin farko ban ga wani abin mamaki ba, duwatsu ne da tsakuwa, har na ce a raina wannan ai da ma Uhudu na zauna. Kaina yana sarawa, abinci ba ya shiga, numfashi kamar ana raba mana shi da cokali.

Sai wata safiya jagoran ya tsaya ya buga sandarsa a ƙasa, ya share tsakuwa da ƙafa, ya ce in duba. Ƙanƙara ce a ƙarƙashinmu, baƙa-baƙa, mai tauri kamar gilashi. Ashe tun ɗazu a kanta muke tafiya. Gaba kaɗan ta fito fili, fara tas, ta miƙe tsakanin duwatsu har inda ido ya gaza. Akwai tsage-tsage a jikinta masu zurfi, cikinsu shuɗi, ana jin ruwa yana gudu can ƙasa. Ya ɗaure mu da igiya a kugu ya ce duk inda ya sa ƙafa nan za mu sa. Da rana ta take sai ka ji wata ƙara daga nesa kamar an yar da ƙofar ƙarfe, ya ce ƙanƙarar ce ke motsi. Na dubi takalman Kawu a kan wannan farin abu, sai na ji haushinsa ya sake taso mini, haushi mai haɗe da tausayi.

Tafkin kuwa da yamma muka iso shi. Ruwansa kore ne mai haske, irin launin da ban taɓa gani a jikin ruwa ba, ga ɓaraguzan ƙanƙara suna yawo a kai. Muka kafa tantuna a gefensa a kan 'yar ciyawa. Na sa hannu zan yi alwala, sai da na yi salati. Nan na tuna Kawu da firiza, na yi dariya ni kaɗai, dariyar ba ta yi nisa ba. Shi ne ya shirya wa wannan ruwa, ni na zo na same shi a banza.

A wannan zango wani dattijo cikin 'yan dako ya ji daga Madina nake. Ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki, yana magana, jagoran yana fassara mini. Wai babu abin da yake roƙon Allah kamar ya ga Madina sau ɗaya, in da hali ya mutu a can. Yana wannan magana ya juya wa tafkin baya, ko kallonsa ba ya yi. Na ba shi sauran dabinon da mahaifiyata ta zuba mini, ban gaya masa labarin Kawu ba.

Da na dawo, Kawu ne ya tarye ni. Ko gida ba mu kai ba ya fara tambaya. Da gaske ana tafiya a kanta? Tana da santsi? Wace fuska kuke kallo idan za ku yi salla? Da na ce masa yamma, ya daɗe yana girgiza kai, mutumin da duk rayuwarsa kudu yake fuskanta. Ya karɓi takalman ya juya su, ya ga inda duwatsu suka karce su, ya shafa wurin da yatsa. Hotunan da na ɗauko kuwa bai bar mini ko ɗaya ba.

Baɗi ta zo, bai je ba. Wata shekarar ya ce aiki ya yi yawa, wata ya ce auren 'yarsa. Duk lokacin da zafi ya shigo sai ya fito da takalman ya goge su, ya kai wanki, ya daɗe a shagon. Mai gugar yakan ce masa, "Haji, bana?" Shi kuma ya ce, "Insha Allahu, baɗi." Da farko nakan tsokane shi in ce takalman sun fi shi yawon duniya. Daga baya na daina, don na ga ya daina dariya. Ni ma na yi aure, 'ya'ya suka zo, na bar zancen. Mai gugar ya tsufa ya koma garinsu gaba ɗaya, wani ya karɓi shagon ya cire hoton daga bango.

Abin da ke ci mini rai shi ne Kawu bai yi ko ciwon kai ba a shekarun nan. Lafiyarsa ƙalau, yana tuƙi, yana bin jana'iza zuwa Baƙi'a bayan kusan kowace salla, yana taya ɗaukar makara. Ya yi fiye da shekara goma da ƙarfin da zai kai shi tafkin nan ya dawo da shi. Sai da aka shiga shekarun dubu biyu sosai gwiwa ta fara ba shi matsala, sannan ciwon suga, sannan ya kwanta.

Ya samu abin da ya zauna dominsa. A gida ya cika, aka yi masa salla a Harami, muka kai shi Baƙi'a da hantsi. Kowa yana cewa ya dace, ni ma na ce ya dace, kuma har zuciyata na faɗa. Ba na raina wannan rabo, ni ma shi nake roƙo.

Amma akwai maganar da ya yi mini 'yan kwanaki kafin rasuwarsa, wadda har yau ta tsaya mini a rai. Na je duba shi bayan la'asar, yana kwance, na'urar sanyaya ɗaki tana ta ƙugi. Ya ce in sake ba shi labarin tafkin. Na ba shi, tun daga tsakuwar da jagoran ya share har zuwa alwalar. Ya san labarin fiye da ni, inda na tsallake sai ya gyara mini. Da na gama sai ya kalli silin, yana lissafi da leɓe. Na ɗauka tasbihi yake yi.

"Shekara nawa ke nan da tafiyarka?" ya tambaya.

Na gaya masa.

Ya ɗan gyaɗa kai. Babu kuka a muryarsa, babu ƙorafi, kamar mai faɗin abin da ya gano yanzun nan.

"Ashe da na je, da na dawo."

Na gyara masa matashi, na zauna har aka kira magariba.