Malam Maitama Mai Gwangwani da Koyotin Bayan Gidanmu

Da an idar da sallar asuba, kafin masu tafiya aiki Washington su cika hanya, Malam Maitama ya riga ya ajiye tsohuwar motarsa a bakin kurmin da ke bayan unguwarmu a Bowie. Ba bindiga a hannunsa, ba tarko. Kayan aikinsa laima ce baƙa, da sanda, da gwangwanin madara da ya zuba wa tsakuwa ya liƙe bakinsa. Haka zai bi bayan shingayen gidaje a sunkuye, yana duba sawu a laka, yana tona kashin dabba da tsinke kamar wanda zobensa ya faɗi. Ranar da na fara hango shi ta taga, wallahi na ɗauka taɓin hankali ne, har na kira maigidana Halilu ya zo ya ga ikon Allah.

Ashe aikinsa ke nan, shekara ashirin da uku, a wata ƙungiya mai kula da namun daji. Duk unguwar da koyoti ya addaba, shi ake kira. Wanda bai san koyoti ba, ya ɗauki dila ya ƙara masa tsawo da jiki. A ƙarshen watan nan ciwon gwiwa zai sa Malam ya ajiye aiki, ni kuwa na ce ba zai tafi shiru ba, don akwai abin da ya yi wa gidanmu wanda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Mutumin Gumel ne, kuma yakan ce ba a Amurka ya koyi sana'ar ba, a gonar kakarsa ya koya, wajen korar birai da gwangwani. Maganarsa ɗaya ce kullum: in an kashe koyoti, wani zai zo ya zauna a wurinsa, tunda abin da ya jawo na farko yana nan. A rufe shara, a kwashe tuffa da ta zube, a daina barin kwanon kyanwa a waje, in an gan shi a yi masa ihu. Wani tsohon direban bas a Woodbridge, Raymond, ya ba ni labarin ranar da Malam ya jera mutanen layinsu, har da likitoci da lauyoyi, kowa yana buɗe laima yana rufewa yana kururuwa. "Mun ji kunya ranar," in ji shi, "amma tun daga nan ba wanda ya sake rasa kyanwa."

Namu labarin a watan azumi ya faru, shekara uku da suka wuce. Wata koyoti ta fara fitowa da rana tsaka, ta zauna a ciyawar mutane, ko gezau. Ran nan ta cafki ɗan karen maƙwabciyarmu Diana a ƙafa, sai da aka yi masa ɗinki. Unguwa ta kira taro, aka ce a ɗauko mai tarko a gama da ita. Malam Maitama ya miƙe ya ce tana da jarirai a rami ƙarƙashin wata bishiya da ta faɗi, in an kashe ta yunwa za ta kashe su. Ya roƙi mako uku, aka ba shi da ƙyar. Ya kuma ce dabbar ba haka kawai ta daina tsoro ba, akwai gidan da ke ba ta abinci.

Ni ce na fi kowa ɗaga murya. Na ce a faɗi gidan, a kunyata su, wane irin rashin hankali ne wannan! Malam ya dube ni ya ce, "Hajiya Rahmatu, ban zo nuna gidan kowa ba."

Washegari bayan la'asar sai ga sallamarsa a ƙofarmu. Ya durƙusa, da gwiwar nan tasa, ya gaida mahaifiyata Inna Ɗija, wadda ta zo daga Kano ta zauna da mu. Suka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi ibada. Sannan ya kwance wani ƙyalle ya ajiye a gabanmu. Ƙwallon dabino ne guda huɗu.

"A kashinta na same su," ya ce a hankali. "Na duba layin nan, gida ɗaya ne ake buɗa-baki."

Na rasa inda zan sa fuskata. Inna kuwa ko a jikinta. Ta ce ita ce. Kullum in mun fita aiki, takan tattara ragowar ƙosai da shinkafa da ƙashin kaza da dabinon da ya bushe, ta kai bakin shinge.

"To ni da hannuna zan zuba abinci a bola, a watan azumi?" ta ce. "Uwa ce fa, Malam. Nonuwanta na gani."

Da ni ce, da faɗa zan fara, kuma da Inna ta yi kunnen uwar shegu da ni. Shi bai yi ba. Ya ce, "Inna, niyyarki Allah ya gani. Amma abin da ke tsare ran dabbar nan shi ne tsoron mutum, kuma a hannunki ta rasa shi. Saura kwana ashirin a kashe ta. Ni in na kore ta, gobe za ta dawo wurinki. Sai dai ke ki kore ta."

Inna ta ce, "Alhakinta a wuyana ke nan?" Ya ce, "Ba a kai can ba tukuna."

Maganar ragowar abinci ma bai bar ta haka ba. Ya kawo mana durom mai murfi na yin taki, ya ce wa Inna tsutsar da za ta ci ragowar a ciki ma halittar Allah ce, kuma alayyahon da take shukawa a bayan gida zai ci moriya. Ni kuma ya shawarce ni cikin ladabi in rage yawan girki, Inna ta ce dama ta daɗe tana faɗa.

Washegari da hantsi koyoti ta zo inda ta saba. Inna na riƙe da murfin tukunya da ludayi, Malam na tsaye a bayanta. Ta kasa buga murfin. Rana ta biyu ma haka, ta juya ta shige ɗaki. Bai gaji ba, ya dawo. A rana ta uku ta taka har bakin shinge, ta buga murfin nan da iya ƙarfinta tana cewa, "Tafi! Tafi, 'yar nan, kada ki ƙara zuwa!" Malam ya buɗe laima, ya kaɗa gwangwani. Dabbar ta tsaya ta dubi Inna, sannan ta ruga kurmi. Ban taɓa ganin mahaifiyata tana kuka irin na ranar ba, ni ma na taya ta.

Malam ya raba wa kowane gida gwangwani, har Diana ta karɓa. Sau biyu koyoti ta sake gwadawa, sau biyu Inna ta fita da murfinta. Mako uku suka cika, ba wanda ya ƙara ganinta da rana, maganar mai tarko ta mutu. Da damina ta yi nisa ya kawo wa Inna hoton da kyamarar da ya ɗaure a bishiya ta ɗauka: uwar tana tsallaka rafi, 'ya'ya biyar na biye da ita.

Malam Maitama, sarkin dawan da bai taɓa ɗana tarko ba, kai ne ka san gidan, ka ji ni ina ihu a bainar jama'a, ka rufa min asiri. Kai ne ka gyara wa tsohuwa kuskurenta ba tare da ka raina tausayinta ba. Yau ni da bakina na tona, don mutane su san wanda suke wucewa da safe yana tona kashi da tsinke. Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya saka maka da alheri.

Ku kuma 'yan'uwa na Springfield da Woodbridge da nan Bowie, Sallar layya na tafe. Ku ɗaure ƙashi da kayan ciki ku rufe, kada a bar su a bayan gida. In maƙwabci ya yi kuskure, ku je masa da sallama kamar yadda aka zo mana.

Jiya na gaya wa Inna cewa Malam zai huta. Ta ɗauko hoton daga cikin jakarta, ta ƙirga 'ya'yan da yatsa kamar yadda ta saba, ta ce, "Ki gaya masa, tunda nake ban taɓa korar mai jin yunwa daga ƙofata ba sai wannan, kuma ga shi tana raye."