Fuskar Dutse a Kakin Atsede

Yayata Atsede ta shekara arba'in da ɗaya tana murza wa cocinmu kyandir na kakin zuma, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin abin da kyandir ɗin yake haskawa ba. Ɗakin can ciki, inda magabata suka sassaƙa waliyyai bakwai a jikin dutse, mace ba ta taka shi. Haka muka taras a nan tsaunukan Lasta, kuma ita kanta in ka soki dokar sai ta ci maka mutunci.

Ni Demeke, ƙanenta, ni ke riƙe da mabuɗan taska. Gicciyen azurfa, kambunan sarakunan da, littattafan fatar akuya waɗanda sai ƙarti biyu ke ɗaga ɗaya, duk ta gan su, don ranar idi ana fito da su. Waliyyan ne ba sa fitowa. Da su da bango da rufi da ginshiƙai duk dutse guda ne, daga sama aka faro sara ana gangarowa, shekaru ɗari takwas da suka wuce. Har gobe in na shiga sai tsigar jikina ta tashi.

Atsede ba mai dogon buri ba ce. A ba ta gahawa zagaye uku da gasasshen sha'ir, ta jingina bayanta da dutsen da rana ta ɗumama, shi ke nan duniya ta yi daɗi. Kafin ta narka saƙar zuma sai ta tsotse ɗan abin da ya maƙale, ta ce ladan mai aiki ke nan. A wajen gahawar take titsiye ni da tambaya a kan waliyyi na uku daga ƙofa, wanda ake kafa kyandirorinta a gabansa.

"Wai yaya fuskarsa take?"

"Yaya, sau nawa zan faɗa? A murtuke take. Gemu, hanci, ido biyu."

"Gemu, hanci, ido biyu! Bunsuru ma ai haka yake. Allah ya ba ka ido, ka tsaya kallo ba gani."

Sai idon nata ya fara tafiya. Likitan birni ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce ke mutuwa, kafin damina sauran ganin zai ƙare. A mota muna dawowa ta ce, "Demeke, ina so in ga fuskar nan. Ban taɓa roƙonka komai ba." Ƙarya take, kullum sai ta roƙe ni sukari.

Na sami babban limaminmu, Abba Rufa'el, tsoho mai jinkirin magana kamar ana sayen ta. Ya ce ƙafarta dai ba za ta shiga ba, amma bai taɓa jin an hana madubi shiga ba. Na aro na mai aski, ƙato, na tsaya a bakin ƙofa ina karkata shi, ita tana tsaye a waje ta ƙura ido har hawaye na zuba.

"Kin gani?"

"Na ga wuta biyu suna rawa."

"Tsakaninsu fa?"

"Duhu."

Ba ta yi kuka ba. Ta koma gida, kwana uku ba ta ɗora gahawa ba, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da mijinta ya rasu. Raina ya ɓaci, na ji haushin madubin, na ji haushin dokar, har na kusa faɗa wa Abba maganar da ba ta dace ba.

A rana ta huɗu Abba ya shigo taska yana juya curin kaki a hannu. Al'adar Atsede ce, kowane curi in ta kawo sai ta danna masa babban yatsa tun yana da ɗumi, don kada a haɗa nata da na kasuwa. Ya daɗe yana duban zanen yatsan, kowane layi ya fito raɗau. Ya ce, "Je ka ce wa 'yar'uwarka ta narka sabon kaki. Amma da sharaɗi. Abin da ya taɓa fuskar waliyyi ba ya kwana a gidan kowa, a ranar za ta mayar da shi kyandir, ya ƙone a ciki."

Da safe, yana cikin azumi, ya shimfiɗa kakin a kan fuskar dutsen da hannunsa, yana danna shi a hankali yana addu'a. Da ya huce ya ɓamɓaro shi, cikinsa baƙi ƙirin da tsohon hayaƙi. Ya fito da shi a kan farin ƙyalle, ya ɗora mata a cinya.

Ta sumbaci ƙyallen tukuna. Sannan ta zura yatsu cikin ramin fuskar, ta bi goshi, ta bi hanci, ta tsaya a kumatu.

"Wayyo, bawan Allah. Nan hannun mai sassaƙar ya gaji, ji yadda saran ya yi gajere-gajere. Mutum ne fa ya yi wannan, Demeke! Da yunwarsa da ciwon bayansa."

Yatsunta suka gangara baki, suka je gefe, suka dawo, suka sake zuwa. Sai ta ɗago kai.

"Kai, shekara nawa kana shiga ɗakin nan?"

"Talatin."

"Wa ya ce maka a murtuke yake? Murmushi yake yi."

Na ce ba zai yiwu ba. Na fizgi kyandir na shiga, Abba na bina da sandarsa. Kakin ya kwashe baƙin da ya cike gefen leɓen tun zamanin kakannin kakanninmu. Ga shi nan kuwa, gefen hagu ya ɗan ɗaga, irin na wanda ya hango baƙon da ya daɗe yana jira. Na durƙusa. Na ji sandar Abba ta faɗi a bayana, bai ko sunkuya ya ɗauka ba.

Da muka fito ta riga ta dunƙule kakin tana neman lagwani. Na ce ta dakata mana, ai rana ba ta yi ba, ta ƙara shafawa ko sau ɗaya.

Ta ce, "A'a, ƙanena. Ni na gani. Kai masa wuta, ku ma ku gani."