Ɗigon Jinina da Ya Ƙi Nutsewa

Ni da bakina na cinye kusan kwata na gindin rumbun surukina, kuma yanzu ba na jin kunyar faɗa. Ina da cikin wata bakwai a lokacin, a ƙauyen mijina da ke gaba da Nok, 'yan shekaru bayan an gama yaƙin basasa. Sai in faki idon mutanen gida in zaga bayan rumbu, in yayyafa wa jar ƙasar ruwa don ƙamshinta ya tashi, in ɓantara in jefa a baki. Tuwon acca ba ya yi mini daɗi, pate ma sai an yi da ni nake kai cokali biyu, amma ƙasar nan, wayyo! Uwar mijina, wadda nake kira Mama, kullum tana zagin ɓeraye, ni kuwa ina taya ta.

Ƙarfina ya ƙare ƙaf. In na hawo daga rafi da tulu, zuciyata na bugawa har cikin kunne, sai na zauna sau uku kafin in isa gida. Ƙafafuna sun kumbura, tafin hannuna ya yi fari fat. Tsoro kuwa ya cika ni, domin wannan ciki na biyu ne. Na farko ya zo kafin lokacinsa, 'ya mace, ko kuka ba ta yi ba, ni kuma na zubar da jinin da sai da na kwana uku ban san inda nake ba. Ban gaya wa kowa ba, amma na riga na sa a raina cewa wannan haihuwar ba zan tashi ba.

A zumuntar mata ana yi mini addu'a da ƙarfi, a bayan majami'a kuma ana raɗa cewa maye ne yake shan jinina. Mama ta ɗora ni a kan zoɓo safe da yamma, wai ja ne, zai koma jini. Na sha har haƙorana suka rine.

Ranar da na yanke jiki na faɗi a gonar citta, da kwando a kaina, mijina yana can wajen aikin layin dogo, sai ƙarshen wata yake zuwa. Matar fasto ce ta ce a kai ni Kafanchan a auna jinina. Surukina, Baba, ya daka tsalle ya ce atafau. Gajeren tsoho ne mai saurin fushi, dattijon ikilisiya, wanda ko akuya ba ta ratsa tsakar gidansa ba tare da ta sha faɗa ba.

"Jinin da bai ishe ta ba shi za su ƙara ɗiba?" in ji shi. "To ni zan kai ta da kaina. In na ga sun ɗauko kwalba, hannunta zan kama mu dawo."

Haka muka shiga motar citta da safe, ni a gaba kusa da direba, shi a baya bisa buhuna da sandarsa.

A asibiti wata nas mai jiki ta ja fatar idona ƙasa da babban yatsanta, ta duba, ta ce, "Kai! Ke da ƙafarki kika shigo?" Ba ta jira amsa ba ta tura mu wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Mai awon jinin, wanda ake kira Malam, wani Bahaushe ne ɗan cikin gari, siriri, da biro maƙale a gefen hularsa. Ya gaida Baba da ladabi, ya ba shi kujera, Baba ya ƙi zama. A kan tebur akwai 'yan kwalabe a jere, cike da wani ruwa shuɗi kamar ruwan bular da muke sa wa fararen kayan majami'a.

"Ɗigo ɗaya kawai nake so, Baba," in ji Malam. "Sauro ma ya fi ni ɗiba."

Ya soke mini yatsa, ya zuƙi jinin da wani ɗan tsinken gilashi, ya ɗaga shi bisa kwalba. Ya ce mu zuba ido. In jinin yana da nauyinsa, zai nutse zuwa ƙasa. Ya saki ɗigon.

Ɗigon ya shiga ruwan, ya ɗan yi ƙasa, ya tsaya. Ya dunƙule, bai narke ba, bai watse ba. Sannan a hankali ya taso sama ya kwanta a bakin ruwa. Tsigar jikina ta tashi. Wata da watanni ina cewa ba ni da ƙarfi, ana ce mini lalaci ne na mai ciki, ana ce mini maye ne, ga shi yau abin da ke cikin jikina ya fito fili a kwalba, kowa yana kallo. Ban san lokacin da na ce, "Yesu Ubangiji!" ba.

Baba ya yi tsaki. "Wannan ai dabo ne. Jinin kowa ka sa haka zai yi." Ya jingine sandarsa ya miƙa yatsa. "Soki nawa mu gani."

Malam ya yi murmushi, ya goge yatsan, ya soka. Sai da ya soka sau biyu, don fatar tsohon ta yi kanta da fartanya. Ya saki ɗigon a kwalba ɗaya da nawa. Ko tsayawa gaisuwa bai yi ba, ya wuce nawa ya tafi ƙasa kai tsaye ya zauna. Ga jinin tsoho mai furfura a gindin kwalba, ga nawa, ni yarinya, yana yawo a sama. Baba ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka, sannan ya lalubi kujerar da ya ƙi ɗazu ya zauna.

"Me ya sa nawa ya yi nauyi?" Muryarsa ta sauka.

"Ƙarfe, Baba."

"Wane irin ƙarfe?"

"Irin na fartanyarka. Allah ya sa shi a jinin kowane ɗan Adam. Shi ke sa jini ya yi ja, shi ke ɗaukar numfashi ya kai wa hannu da ƙafa. Duk na jikin mutum in an tara bai wuce ƙusa guda ba, amma in ya ragu, ƙato sai ya kasa ɗaga tulu."

Mu mutanen da in muka yi huɗa sai fartanya ta tono kashin ƙarfen da mutanen dā suka narka suka bari, mu da muka san ƙarfe a maƙera da layin dogo, ba mu taɓa sanin muna yawo da shi a jijiya ba. Na dubi yatsana da ɗan audugar da ke kai. Baba ya cire hularsa ya riƙe a gwiwa kamar yana cikin sujada.

Malam ya juyo gare ni. "Malama, kina cin ƙasa?"

Na sunkuyar da kai. A gaban suruki! Da ƙasar ta tsage da na shige.

"Faɗi gaskiya, ba laifi ba ne. Jikin da ya rasa ƙarfe yakan sa mutum kwaɗayinta, sai dai ba ta magani, ƙara ɓata abin take yi."

Na ce ina ci. Baba ya dube ni baki buɗe. "Af! Ashe ke ce ɓeran rumbuna?" Malam ya yi dariya har biro ya faɗo daga hularsa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya tambaye ni yaushe rabona da nama, na ce tun bikin girbi, shi ma ƙashi da fata. Ƙwai fa? Na ce mai ciki ba ta cin ƙwai a wurinmu, wai ɗan zai fito ɓarawo. Hanta fa? Nan sai na saci kallon Baba. A gidajenmu duk abin da aka yanka, kaza ce ko akuya, hanta da ƙundu na maigida ne. Mace ko ɗanɗana su ba ta yi, in kuwa aka neme su a tukunya aka rasa, maganar har gidan iyayenta sai ta kai. Baba ne ya amsa da kansa, ya ce shi ke ci.

"To hanta ta fi komai ƙarfe," in ji Malam.

Baba ya dubi kwalbar, ya dube ni. "Ana ta neman maye a gari," ya ce a hankali, "ashe yana zaune a kujerata."

"A'a, Baba, kada ka ɗora wa kanka duka. Ɗan cikin yana ɗibar nasa, wataƙila akwai tsutsar ciki ita ma tana sha, za mu duba mu ba ta magani. Kai kuma ai ba ka da ciki." Ko murmushi Baba bai yi ba.

Nas ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce in na haihu da wannan jinin na zubar ko rabin na wancan karon, babu abin da zai riƙe ni. Saura wata biyu. Ta ba ni maganin tsutsa da wasu 'yan jajayen ƙwayoyin ƙarfe, ta ce kullum in sha, in bayan gidana ya yi baƙi kada in tsorata. Kuma a asibiti zan haihu, ba a bayan ɗaki ba.

Da muka koma gida, tun kafin ya sha ruwa Baba ya sa aka kama zakara. Da aka kai masa ƙwaryarsa, ya tsamo hantar da ƙundun ya ce a miƙa mini. Mama ta dafe ƙirji.

"Baban yara, ka haukace? Haka muka gada! Ni bakwai na haifa ban taɓa sa hanta a bakina ba."

"Bakwai kika haifa," in ji shi, "uku muka binne."

Mama ta shiga ɗaki, na ji tana kuka, ni ma na ci hantar nan ina hawaye, don tausayinta ya kama ni. Washegari ita da kanta ta dafa mini ƙwai biyu, ta ajiye a gabana.

Daga nan tsohon nan ya zame mini ɗan sanda. Duk ranar kasuwa sai ya dawo da hanta a ƙunshe cikin ganye. Kowace safiya yana tsaye a kaina sai na haɗiye ƙwaya na buɗe masa baki ya gani. Haushi yakan kama ni in ce, "Baba, ni yarinyar goye ce?" Ya ce, "Buɗe dai." Ya sa aka yaɓe gindin rumbu, ya jera ƙaya a wurin. Bayan mako uku ma ƙayar ba ta da amfani, domin ƙamshin ƙasar ya daina kirana, abin da har yau yake ba ni mamaki.

Ranar Kirsimeti aka yanka bunsuru, ƙannen Baba biyu da 'ya'yansu maza suka zauna a gindin mangwaro, aka kawo masa gasasshiyar hanta bisa faifai. Ya ƙwala mini kira a gaban kowa ya ɗora mini faifan a hannu. Ƙaninsa ya ce wannan zubar da girman gida ne, gobe mata za su nemi kujera ma. Baba ya ce, "Ka je Kafanchan su soki yatsarka, sannan ka zo mu yi magana."

Da muka koma awo, Malam ya saki ɗigona, ya tsaya a tsakiyar ruwa kamar mai shawara. Baba yana ta ce masa, "Sauka mana, sauka!" Sai ya fara yin ƙasa sannu-sannu har ya taɓa gindi. Malam ya ce bai kai na Baba ba, amma ya isa a shiga haihuwa da shi.

Na tare a gidan wata 'yar'uwar Mama kusa da tashar jirgi, naƙuda ta same ni a can da hantsi, aka garzaya da ni asibiti. Haihuwar ta zo da sauƙi, sai jini ya ɓalle bayanta kamar wancan karon. Na ga nas tana danna mini ciki tana ƙwala kiran a kawo allura, na ga rufin ɗakin yana nisa, na ce a raina to shi ke nan. Amma ban tafi ba. Ina jin kukan jaririn, ina jin kwano yana ƙara, ina nan dai. Da jinin ya tsaya, nas ta share gumi ta ce, "Abin da kika tara wata biyu, yau kin zubar da rabinsa. Da babu shi, da yanzu wani zancen ake yi."

Ta leƙa taga. Baba yana nan a baranda tun safe, da mijina da Mama.

"Baba, albishirinka! Namiji ne!"

Duk tsohon da na sani a ƙasarmu da ya ji wannan sai ya ɗaga sanda ya yi rawa. Daga kan gado na ji muryarsa tana rawa, da fushin nan nasa.

"Wa ya tambaye ki wannan? 'Yata fa? 'Yata tana numfashi?"

Shekara uku ina gidansa, "matar yaron nan" yake ce mini. Na tattara ɗan ƙarfin da ya rage na ɗaga murya yadda zai ji.

"Ina nan, Baba."