Ƙafar da Ba Ta Yi Faso Ba

Yayana Kailani ya bar Zazzau yana saurayi, tun kafin Turawa su zo. Ya bi ayarin fataken goro zuwa Gwanja ba tare da ya yi wa Innarmu sallama ba, don ya san da ta ji ba za ta bari ba. Shekara ashirin da uku ke nan, sai dai mu ji labari a bakin fatake: ya zauna a Kumasi, ya yi aure, ba ya ha'inci a ciniki. To madalla, amma labari ba ya share hawayen tsohuwa.

Ni Ishatu, ni ce autarta. Da maigidana ya sami aiki a layin dogo muka tashi daga cikin birni muka dawo Tudun Wada, na taho da Inna. A lokacin idonta ya riga ya tafi. Da ciwo ya fara kayar da ita, na tura maigidan wurin akawun gidan waya, na ce a buga wa Kailani: in yana son gafarar uwarsa, ya zo yanzu.

Kwana goma sha tara da buga wayar, ina tuyar waina da hantsi, sai ga wani dattijo da furfura a gemu yana ta waige-waige a ƙofar gida. Wallahi da bai buɗe baki ba da na miƙa masa sadaka.

"Ishatu, ashe nan ne?" ya ce. "Nan fa muke haƙar gafiya!"

Ya je tsohon gidanmu na birni aka nuno masa nan, ya ɓata sau uku. Wai tituna ne a miƙe sambal, kowanne kamar ɗan'uwansa. Mutumin da ya ratsa dazuzzuka ba jagora, ga shi ya ɓace a fegin gafiya! Na yi masa dariya har da hawaye, shi kuwa ko a jikinsa. Sai yabo yake yi. Ya ga teloli da keken ɗinki a jere, ya ga mota ɗauke da auduga, ya ji Banufe da Babarbare da Bakano suna ciniki a rumfa ɗaya. Ya ce, "Kai, Zazzau ta yi gaba ta bar ni."

Muka shiga ɗakin Inna, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce ya miƙo ƙafarsa. Ta shafa dunduniyar, ta shafa tafin, ta saki.

"Malam, ka ji tsoron Allah," ta ce. "Ubana bafatake ne. Daga Gwanja zuwa nan wata uku ne, in rafuka ba su cika ba. Wanda ya taho daga can, ƙafarsa takan yi faso har yatsa ya shiga. Taka ko kaushi babu. Yaushe aka aika, yaushe ka iso?"

Ya ce jirgin ƙasa ya hau zuwa bakin teku, ya shiga na ruwa zuwa Ikko, ya sake hawa na ƙasa.

"Jirgin da nake jin kukansa? Ai wannan auduga yake ɗauka. Ishatu, ba baƙo ruwa ya sha ya kama gabansa."

Haba! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Inna, ni ma ƙarya zan yi miki?" Ta ce ni yarinya ce lokacin da ya tafi, kowa ya zo da gemu zai iya ruɗa ni. Kailani ya ɗaga mini hannu, ya ce in bar ta. A nan na fara ganin irin mutumin da ya zama. Ni da tuni na yi zuciya.

Kwana shida yana kwana a zaure. Kullum da safe ya shigo ya zauna a bakin ƙofarta, ita kuwa ta saki jiki da shi kamar kowane baƙo, suna hira, har tsokanarsa take yi. Ya faɗi sunan kakanninmu, ta ce kowa a birni ya san su. Jikinta kuma kullum ƙara sanyi yake, kunu ma sai da lallashi. Tsoro ya kama ni, kada ta cika tana ce masa Malam.

A rana ta bakwai ya ce, "Inna, ki yarda in kai ki tasha. In kin ji ƙarya na yi, daga can ba zan dawo ba."

Ta yarda, don ta huta da shi. Ya goya ta a baya kamar jaririya, na bi su da buta, muka gangara muka haye rafin Kubanni. Mutane na kallo, bai kula ba.

Jirgin Ikko ya shigo da rana tsaka, ƙasa na girgiza. Inna ta ƙanƙame ni tana salati. Jama'a suka yi ta zubowa. Kailani ya tare wata Bayarabiya mai goro, ya roƙe ta ta buɗe huhu ɗaya, ya kama hannun Inna ya ɗora a kai.

"Yaushe kika bar Ikko?" Inna ta tambaya.

"Shekaranjiya, Mama."

Inna ta murza ganyen da aka naɗe goron. Ɗanye shar, da sauran damshinsa. Ta kai hanci ta shinshina. Sai na ga ta jawo mayafi ta rufe fuska.

Kailani ya durƙusa zai sake goya ta. Ta ja baya.

"Ishatu," ta ce ƙasa-ƙasa, "a samo mini jaki."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga Kailani ya dafe ƙasa yana kuka kamar yaro. Shi ya riga ni ganewa. Ɗan fari ne. Wace uwa ce za ta hau bayan ɗanta na fari a bainar jama'a, ko ta dube shi ta yi hira da shi? Kunyarsa ce ta dawo mata.

Har muka iso gida ba ta ƙara ce masa komai ba. Da na kwantar da ita, yana tsugune a bakin ƙofa, ta juya fuska bango.

"Ki gaya wa wancan na yafe masa, duniya da lahira. Ki kuma zuba masa tuwo da yawa, na ji ƙasusuwan bayansa."