Gonar da Ban Taka Ba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na rubuta sunayen waɗanda ƙanƙara ta ɓata wa gonaki a wani ƙauye bayan duwatsun Kwatarkwashi ba. Damina ta biyu ke nan da samun jihar Zamfara. Ina malamin gona, mataki na shida, ogana yana Bunguɗu, na gaba da shi yana Gusau.

Ku da kuka kama aiki jiya, ku ji ƙa'idar. Ƙanƙara ba kamar fari ba ce, zaɓe take yi: ta kwantar da geron wannan, ta tsallake na maƙwabcinsa. Shi ya sa aka ce malamin gona ya taka kowace gona da ƙafarsa kafin ya sa suna. Wanda sunansa ya shiga, shi zai sami hatsin agaji ya kai wata kaka. Wanda bai shiga ba, sai yadda Allah ya yi da shi.

Ranar Laraba oga ya ce, "Malam Isa, Asabar nake son takardar nan a teburina."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙauye bakwai ne, kuma babur ba mai."

Ya ce, "Ni ma ba rijiyar fetur gare ni ba."

Ƙauye shida na taka su yadda ya kamata. A na bakwai gajiya ta ci ƙarfina, na yi abin da ba a yi: na sa aka shimfiɗa min tabarma a ƙofar mai gari, na ce kowa ya zo ya faɗi ɓarnarsa. Mai gari kuwa ya tafi ta'aziyya Tsafe. Kai, ranar na sha hayaniya! Wani har zangarniya ya riƙa kaɗa min a fuska. Can gefe ga wani dattijo, Malam Garba, yana jan carbi. Na ce, "Baba, ya gona?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, mun gode Allah." Na ce a raina, ƙanƙara ta tsallake wannan. Na rufe takarda, na hau babur.

Sai da bazara na koma ƙauyen. Ko gaisuwa ba mu gama ba mai gari ya ce, "Malam, ashe kai ne ka bar Garba? Ko dami guda bai ɗaure ba bara." Na miƙe na nufi gidan Malam Garba.

Na same shi a zaure yana tufka igiya. Daga nan ina hango rumbu biyu a buɗe, turken shanun huɗa ba komai. 'Ya'yansa maza sun tafi cin rani. Jikarsa da aka yaye lokacin sanyi, an binne ta. Ban sani ba ko hatsin nan zai riƙe ta, kuma rashin sanin yana cin raina har yau.

Ya sa aka kawo min ruwa, yana ba ni haƙuri wai babu gari a ciki. Wallahi na kasa sha. Na ce, "Baba, don Allah me ya hana ka faɗa min?"

Ya ce, "Mi zan hwaɗi? Tun ina saurayi gonag ga take ciyar da ni. Don shekara guda sai in miƙe cikin mutane in kai ƙarar Ubangijina? Rijiya ba ta ƙahe ba, ido na gani, hannu na tufka. Da ka ce mu tahi ka gani, da na kai ka. Ba ka ce ba."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Washegari na kai wa oga maganar. Ya ce an rufe ɗaukar suna, hatsi ya ƙare tun tuni. Na koma gida na ɗebi irin gero daga nawa na kai masa. Ya karɓa ya ce, "Alhamdu lillahi," da muryar nan dai da ya faɗa ranar da ba shi da komai.

To ga abin da na koya. Godiyar nan ita ta riƙe Malam Garba bai zauce ba, kuma ba ni da bakin cewa ya daina. Amma tsakaninsa da Allah ce, ba rahoton gona ba ce. Mai ihu zai nemo ku da kansa. Wanda ya ce ya gode Allah ya yi shiru, ku tashi ku sa takalmi, ku ce, "Baba, mu je in gani." Ni ban ce ba.