Tsumman Yaya Gambo Ya Ƙare

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka kai yayana, Yaya Gambo, makwancinsa a nan Azare. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Da ma shi ba irin mutanen da ake bugawa a jarida ba ne. Maɗinkin riguna ne, mai ƙarancin magana, mai saurin fushi in an taɓa masa allura. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne tsummansa ya ƙare, kuma ban san abin da zan yi da rigar mahaifinmu ba.

Rigar saƙi ce, da aikin zaren tsamiya a ƙirji da aljihu. Da ita Baba ya taso daga Katagum, a naɗe cikin adudu bisa jaki, lokacin da mutane ke ta komowa Azare. Da ya rasu aka rarraba tufafinsa sadaka kamar yadda aka saba, amma Yaya ya rungume wannan ya ce ba inda za ta. Dangi suka yi surutunsu suka gaji.

Ya riƙe ta riƙon mai jinya. Ruwa ba ya taɓa ta. In damina ta ɗauke sai ya baje ta a inuwar zaure ta sha iska, ya sauya mata ninki don kada kari ya ci zaren, ya zuba kanumfari da saiwar jema saboda asu, sannan ya rataye adudun inda gara ba za ta kai ba. Duk da haka tufa tufa ce, tana tsufa. Wata shekara kafaɗa ta buɗe, na tambaye shi wane zare zan sayo a kasuwa.

"Ko ɗaya," in ji shi. "Sabon zare ya fi ta ƙarfi. In ka ɗinka da shi, shi zai zauna daram, ita ta yage ta bar shi. Sai zaren da ya gaji kamar yadda ta gaji."

Sai ya tuɓe rigar saƙin da ke jikinsa, wadda ya yi shekaru yana sawa har ta koɗe, ya zaro zare daga gefenta, ya kama yagar ta ciki. Tun daga ranar rigarsa ta zama abincin rigar Baba. Matarsa ta yi mita har ta haƙura. Ni kuwa ya koya mini ɗinkin a dole, da faɗa da harara, ko da yake hannuna na fatauci ne ba na allura ba. Ranar da ya rasu, a cikin shara na tsinto tsumman da ya rage na rigar tasa, mata sun share shi tare da ƙurar ɗaki. Ban ga laifinsu ba, don ba mai kallonsa ya ce yana da amfani.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya leƙo kasuwar Azare yau. Motoci na sauke yadin kanti daga Kano, keken ɗinki na ta kuka, a yanka riga da safe a sa ta da la'asar. Shi kuwa sai ya ci damina da rani a kan aljihu ɗaya. Na san da tsaki zai ja ya koma zaure. Ni ko tsakin ma na daina. Mutane na son abin da zai yi sauƙi, ni ma da ina da shi da na so. Gaskiya na gaji. Idona ya yi rauni, sai na fita tsakar rana nake iya zura zare a allura, kuma kowace kaka in na sauke adudun nan gabana sai ya faɗi.

Bana wuya ne ya tsage. Na kwance ƙullin tsumman, na tarar saura kamar tafin hannu. Na zare shi kaf, bai kai rabin yagar ba. Ɗana Adamu, wanda ke aikin ofis, kullum cikin kaki, yana tsaye a kaina.

"Baba, a kai wa mai keke mana. Nan da nan zai kama ta."

Da Yaya ne da ya sha faɗa. Ni ba ni da wannan ƙarfin. Na dai maimaita masa maganar sabon zare, sannan na tuɓe tawa saƙin na fara zaro gefenta. Ya daɗe yana kallona.

"To, in taku ta ƙare fa?"

Na ce, "Sai a bar ta ta huta." Har cikin raina na faɗa.

Yaya bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, kabarinsa ma ruwan sama ya daidaita shi da ƙasa. Abin da ya rage nasa yana cikin rigar nan. In ka ɗaga ta a rana ba za ka iya ce wannan zaren Baba ne, wancan na Yaya ba, ni da na ɗinka ma ba na iya rabewa. Na ɗauka a kaina abin zai tsaya.

Juma'ar da ta wuce sai ga Adamu ya shigo gaishe ni cikin sabuwar saƙi, ta sandare a jikinsa kamar tabarma, yana ta sosa wuya, gumi na zuba. Na ce ina kakin?

"Yana nan, na ofis ne. Wannan a garin Udubo na sa aka saƙa mini da hannu." Ya sunkuyar da kai. "Kun ce sai zare ya gaji. Na ga gara in fara gajiyar da shi tun yanzu."

Allah ya jiƙan Yaya Gambo. Na ce wa yaron ya zauna, na miƙa masa allurar.