Sifaniyancin Boniface Mai Gyaran Keke

A shekarar 1955 na fara sanin Boniface, shekarar da na gama makarantar mishan ta Sabon Gari na zauna gida a Fagge ba aiki. Na iya Turanci, rubutuna kuma yana da kyau, amma duk ofishin da na je sai a ce in dawo. Ana cikin haka wani dillalin ma'aikata ya sauka Sabon Gari yana neman masu zuwa Panya, wato tsibirin da Sifaniyawa ke da gonakin koko. Ya ce da ni leburori sun yi yawa, akawu ake nema. In na iya ɗan Sifaniyanci kafin ya dawo bayan damina, zai tafi da ni.

Mahaifiyata, Inna Ummakulsum, tuwo take sayarwa kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma ni kaɗai ne ɗanta namiji. Na zaci za ta yi kuka. Sai kawai ta ce, "Tun da ka ƙudura, Maje, je ka wurin Boniface mai gyaran keke. Ya zauna can."

Boniface Ibo ne, gajere, kakkaura, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Rumfarsa tana bayan kasuwar Sabon Gari, kuma Hausarsa ta Kano ce sosai, in ban da inda harshe ya ƙi. Na je masa da sabon littafi da fensir a soke a kunne. Ya karɓe su ya tura ƙarƙashin tsohuwar taya.

"Akawu," in ji shi, "a Panya ba a koyon magana a zaune. Ben aki!"

"Me ke nan?"

"Zo nan ke nan. Ga shi ka zo. Ka ga har ka fara iyawa."

Haka muka yi damina guda. Ni na saba da koyarwar Fada, limamin mishan da ya koyar da mu: a rubuta a allo, a maimaita, a yi jarrabawa ranar Juma'a. Shi kuwa sai ya daka mini tsawa da Sifaniyanci, in yi ta lalube har in gane famfo yake so ko sifana. In na yi jinkiri ya ce, "Rapido!" wato maza. Amsa ɗaya ce ya yarda in bayar, "Si, sinyor," wato "To, ranka ya daɗe." Ya koya mini in cire hula in Bature ya nufo ni, in sauke ido, kada in zauna sai an ce. Da rana ta take sai ya miƙe a benci ya rufe fuska da tsumma.

"Yanzu Turawan Panya barci suke, al'adarsu ce. Kai ci gaba da bugun iska."

"Oga, wannan ba karatu ba ne, aikinka kake sa ni."

"Au, ka gane? To kai kam akwai ƙwaƙwalwa."

Masu kawo keke su yi ta dariya. Na kai ƙara wurin Inna ba sau ɗaya ba, ta ce in yi haƙuri, malami ne. Hannuwana suka yi baƙi da gris, littafina kuma ruwan sama ya jiƙa shi a inda yake, ko layi ɗaya ban rubuta ba.

Da ruwa ya ɗauke dillali ya dawo. Na je rumfa raina a ɓace, na ƙi cire hula.

"Gobe zan ga mutumin nan. Ka koya mini maganar mutane, ba ta jakuna ba. Yaya ake cewa ba ni da lafiya?"

"Ban sani ba."

"To yaya ake cewa wa'adina ya cika, ina so in koma gida?"

Ya ajiye sifanar da ke hannunsa. "Wannan da broka, karyayyen Turanci, muke faɗarsa, mu da mu, a barikin leburori. Ban taɓa jin wanda ya faɗa wa Bature da harshensa ba. Abin da suka faɗa mini shi na koya maka, ban rage komai ba."

"Amma ni akawu zan yi."

"Ni ma akawu aka ce da ni a Kalaba, inda aka ɗauke mu zuwa Panya. Ka zaci kai kaɗai ka taɓa riƙe fensir?"

Duk da haka na je. Dillali yana zaune a farfajiyar wani masauki, samari sun yi layi. Na gaishe shi da Sifaniyanci. Bai gane ko kalma ba, bai kuma damu ba. Ya turo mini tawada ya ce in dangwala yatsa. Na ce na iya sa hannu, ya ce kowa yatsa yake sawa, in yi sauri. Sai na ji bakina ya ce "Si, sinyor," na duba na ga hulata a hannuna, idona a ƙasa, ba wanda ya sa ni. Na mayar da hular a kaina na fita daga layin.

Ban gode wa Boniface ba. Na daɗe ina bi ta wata hanya don kada in wuce rumfarsa, kuma har yau ina jin haushin cewa daga harshen da ake rubuta littattafai da shi, abin da na samu bai wuce kiran lebura ba. Daga baya na sami aiki a reluwe.

Sai a 1959, da ya haɗa kayansa ya koma garinsu, Inna ta gaya mini yadda ta san shi. Daga Panya ya sauka tashar Kano neman wani ɗan'uwansa da bai samu ba, zazzaɓi ya cinye shi, ko tsayuwa ba ya iyawa. A bayan tukwanenta ya yi ta kwanciya tana ba shi kunu har ya miƙe.

Na ce, "Ashe haɗa baki kuka yi."

Ta ce, "Ni ban ce masa komai ba. Na dai aika masa da kai."